Grateful Dead: faifan sitidiyo ko kaset ɗin filin wasa?

Sadiq Zoo Road:
Salamu alaikum 'yan zaure. Yau da rigima na zo. Tun da Kawu Lawal ya fara turo mana kaset-kaset ɗin Grateful Dead, magana ɗaya ake ta nanatawa a nan: wai mutanen nan ba su iya faifai ba, sai sun hau dandamali ake sanin ko su waye. Ni dai ban yarda ba. Haɗa sauti ne sana'ata, kuma na zauna na saurari Workingman's Dead da American Beauty, duka biyun na 1970, daga farko har ƙarshe. Ban ji wasan fili ko ɗaya da muryoyinsu suka hau kan juna daram kamar yadda suka hau a faifan nan biyu ba. A fili kuwa, Allah na tuba, wani lokacin mutum uku ke amshi amma kowa ya kama gabansa. Faifai 13 suka yi a sitidiyo. Don me za a share su duka da kalma ɗaya?

Ummi KD:
Wa alaikumus salam. Yaya Sadiq, a taimaka wa irinmu da muka shigo jiya-jiya. Su waye kuma waɗannan? Sunan ma ban tsoro gare shi.

Kawu Lawal:
Ummi 'yata, makaɗa ne na Amurka. Sun haɗu a 1965 a yankin San Faransisko, jihar Kalifoniya, suka yi shekara 30 suna yawon wasa gari-gari har jagoransu Jerry Garcia ya mutu a watan Agustan 1995. Wasannin da suka yi sun haura 2,300. Abin da ya raba su da sauran shi ne ba sa hawa dandamali da kiɗa a ƙulle. Waƙa tana da farko da ƙarshe da kowa ya sani, amma tsakiyarta a buɗe take. Garcia zai ja jita ya bi wata hanya, mai jitar bes Phil Lesh ya bi shi ko ya ƙi, masu ganga biyu su sauya taki, a yi ta tafiya sai inda aka tsaya. Su yi dare uku a gari ɗaya da ƙyar ka ji sun maimaita waƙa.

Kai kuma Sadiq, ga amsarka a waƙa guda. Dark Star da suka fitar daga sitidiyo a 1968 ba ta cika minti 3 ba, kuma ba ta yi kasuwa ba. Wadda aka naɗa a zauren Fillmore West ranar 27 ga Fabrairun 1969, ta fito a faifan Live/Dead, minti 23 ce. Saurari biyun a jere ka dawo ka gaya mini wacce ce waƙar, wacce ce tallarta.

Sadiq Zoo Road:
Ranka ya daɗe, tsawo ai ba shi ne daɗi ba. Akwai waƙar Playing in the Band ta wasan Seattle a 1974 da ta kai minti 46. Ni a tsakiyarta na tashi na yi alwala na dawo ba su sauka ba.

Kawu Lawal:
To da ka dawo ba ka tarar da su a wani wuri daban ba?

Sadiq Zoo Road:
Na tarar da su sun ɓata.

Nura Samaru:
Hahaha. Bari in shigo. Sadiq, tarihin mutanen nan da sitidiyo ba ya goyon bayanka sosai, sai dai kuma bai ba Kawu gaskiya duka ba. Faifansu na farko a 1967 cikin kwana huɗu aka naɗe shi a Los Anjeles, a gurguje, har su kansu ba su ji daɗinsa ba. Na biyu, Anthem of the Sun na 1968, suka ce wannan karon yadda suke so za a yi. Suka yi ta ja wa furodusansu Dave Hassinger rai har ranar da Bob Weir, mai jitarsu na biyu, ya nemi a naɗo masa sautin iska mai kauri. Mutumin ya tattara nasa ya nasa ya bar musu aikin. Abin da suka yi daga nan shi ne suka ɗebo naɗe-naɗen wasanninsu na fili suka cakuɗa da na sitidiyo, har ba ka iya gane inda wannan ya tsaya wancan ya soma. Na uku, Aoxomoxoa, sun samu sabuwar na'ura mai layi 16, sai suka watsar da abin da suka riga suka naɗa suka sake daga farko, suka tara wa kansu bashin kamfanin Warner da ya haura dala 100,000. Live/Dead, da aka naɗa a fili da irin wannan na'urar, kuɗi kaɗan ya ci, kuma shi ya fara nuna wa wanda bai taɓa ganinsu ba abin da ake zuzutawa.

Amma fa abin da ya fitar da su daga bashin shi ne faifan da Sadiq ya ambata. Workingman's Dead sun shiga da waƙoƙi a shirye, an yi atisaye, aka gama cikin ɗan lokaci, ya kuma sayu.

Sadiq Zoo Road:
Allah ya saka, Malam Nura. Ka ga abin da nake faɗa. Ranar da suka ɗauki sitidiyo da muhimmanci ai sun yi abin kirki. Ku saurari Box of Rain a American Beauty. Phil Lesh ya tsara kiɗan ne lokacin da mahaifinsa ke kwance ciwon ajali, Robert Hunter ya rubuta masa baitukan. Irin wannan waƙa tana son shiru a kewayenta. A filin ƙwallo da mutum dubu hamsin suna ihu ina za ka ji rawar da ke cikin muryar mutum?

Anti Ladi:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba Turawan nan na sani ba, amma wannan gardama tsohuwa ce a wurinmu. Wanda ya taso da Shata ya san ta. Bakandamiya nawa kuka taɓa ji? Ba ɗaya ba ce. Duk inda ya yi ta sai ta fito da wani abu, domin yana kallon wanda ke zaune gabansa, ya ga wanda ya shigo, ya ji abin da kalangu ya faɗa, ya ɗora a kai nan take. Wadda aka naɗa a ɗaki mai shiru ta fi tsabta, kana jin kowace kalma. Amma waɗanda aka naɗa a wurin biki ko gidan wasa, da guɗa da hayaniyar maroƙa da komai, su ne tsofaffi ke nema har yau. Mahaifinmu yana da irin kaset ɗin nan, sautin duk ya dushe, amma ba ya ba da aronsa ko ga ƙaninsa.

Kawu Lawal:
Hajiya kin gama magana. Sadiq, ka ji daga bakin manya.

Sadiq Zoo Road:
Anti, ina girmama maganarki, amma Shata shi kaɗai ke riƙe da linzami, 'yan amshi da makaɗa bin sa suke. Waɗannan mutum shida ne ko bakwai, kowa da linzaminsa. In abin ya haɗu ya haɗu, in ya watse kuwa babu mai tattaro shi.

Kuma Kawu, ga inda gizo ke saƙar. Abin da kake kira wasan fili, wanne muke ji? Mu da ba mu je ba, naɗaɗɗe muke ji, kuma zaɓaɓɓe. Tumatirin saman kwando ake nuna mana. Kowa Cornell, Cornell, wato wasan da suka yi a Jami'ar Cornell. Dare ɗaya ne fa, 8 ga Mayun 1977, cikin sama da 2,300. Ina sauran? Babban taron kiɗa na Woodstock a 1969 su da bakinsu sun ce sun kwafsa: ruwan sama, lantarki na jan su in sun taɓa makirufo, har suka ƙi a sa su a fim ɗin taron. A 1978 sun kwashi kaya har Masar, suka yi dare uku a gindin dalar Giza, daren ƙarshe ma har da husufin wata. An shirya fitar da faifai, da suka saurari abin da aka naɗa sai suka fasa. Sai 2008 ya fito, bayan shekara 30.

Nura Samaru:
Na Masar ɗin akwai uzuri. Bill Kreutzmann, ɗaya daga masu gangar, da karaya a hannu ya yi wasan, fiyanon kuma ba a saita ta daidai ba. Amma wurin da Hamza El Din, makaɗin nan Banube, ya shigo da mutanensa da tafi da tambari, daga nan jitoci suka shiga a hankali, wannan ya cancanci saurare.

Sadiq Zoo Road:
Uzuri dai. A sitidiyo in hannu ya karye sai a ɗaga aiki. Ban ma gama ba. Europe '72 da kuke ɗauka faifan fili ne, da suka koma gida sitidiyo suka shiga suka sake rera muryoyi da yawa a kan naɗin. Na 1971 mai hoton ƙwarangwal da furanni ma an ƙara masa kiɗan ogan daga baya, Merl Saunders ya buga. Ni da kunnen sana'a nake ji: amshin ya yi santsi fiye da kima, hayaniyar 'yan kallo kuma an danne ta. Wato ko faifan filin da ya fi shahara sai da irinmu suka yi masa kwalliya.

Kawu Lawal:
Wannan gaskiya ne, ba na musu. Shi ya sa mu ba faifan kamfani muke nufi ba in mun ce wasan fili. Kaset muke nufi. Lokacin da nake karatu a can na je na gani da idona. Bayan teburin mai haɗa sauti akwai wurin da aka ware wa masu naɗa, tun 1984 ƙungiyar ta halatta abin har da tikitinsu na daban. Za ka ga sanduna dogaye sun yi cirko-cirko sama da kawunan mutane, kowanne da makirufo biyu a kai, masu su sun duƙa kan rikoda da 'yar tocila a baki suna kallon allura. Ka yi tari kusa da su su harare ka. Kowa na lissafin inda zai juya kaset, don kada juyin ya faɗo a tsakiyar waƙa, kuma da mutanen nan ba ka san inda waƙa za ta ƙare ba.

Bayan wasa sai musaya. Doka ɗaya ce: ba a sayarwa. Ka aika wa mutum kaset sabo da kuɗin kan sarki, ya kwafa maka ya mayar. A bayan kwalin zai rubuta kwanan wata da gari da jerin waƙoƙi da biro, in waƙa ta zarce cikin wata ba tare da tsayawa ba sai ya ja 'yar kibiya tsakaninsu. Wannan kibiyar ita muke fara dubawa. Scarlet Begonias a faifan 1974 minti 4 ce da 'yan kai, Fire on the Mountain a faifan 1978 ba ta ma kai haka ba. A Cornell an haɗe su sun haura minti 25, kuma abin da ake so ɗin yana tsakaninsu ne, wurin da ta farko ta riga ta ƙare ta biyu ba ta soma ba. Wannan wurin babu shi a kowane faifan sitidiyo, Sadiq, domin ba shi da suna balle a rubuta shi a jeri.

Illa Agadas:
Sannunku da hira. Kawu, wannan musayar da ka faɗa mu nan mun yi irinta, sai dai da salula. Kafin intanet ya wadata, kiɗan jita na Abzinawa ta bulutut da memori yake yawo daga waya zuwa waya, mafi yawansa a wurin biki aka naɗe shi. Mdou Moctar, makaɗin jitar nan na Nijar, shi ma ta haka aka fara saninsa a waje. Abin dariya, faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da gangar kwamfuta da muryar nan da na'ura ke lanƙwasawa irin ta waƙoƙin fim ɗin Hausa. Wanda ya ji wannan kaɗai, ya zo ya gan shi a wurin biki a Agadas da janareta da ƙura, zai rantse ba mutum ɗaya ba ne. Amma kuma waƙoƙin sitidiyon nan su ne suka yi yawo a wayoyi har suka kai shi inda ya kai. Don haka ni ban ga wanda zan ba gaskiya ba tsakaninku.

Ummi KD:
Tambaya: ba su yi asara ba da suka bar mutane na naɗa kyauta?

Nura Samaru:
A'a, domin ba faifai ke ciyar da su ba, tikiti ne. Tun 1983 suna da ofishinsu na sayar da tikiti ta gidan waya. Duk kaset ɗin da ya shiga hannun sabon mutum, mai sayen tikiti ne aka samu. A farkon shekarun 1990 suna cikin waɗanda suka fi kowa tara kuɗin wasa a Amurka, alhali faifansu na sitidiyo na ƙarshe tun 1989 ne. Rigimar ta zo ne daga baya, a 2005, da aka sa shafin Internet Archive ya janye naɗe-naɗen. Masoya suka yi ca, aka sasanta: na 'yan kallo a sauke kyauta, wanda aka ɗauka kai-tsaye daga teburin sauti kuma a saurara kawai.

Sadiq Zoo Road:
Ka ga wani abin ma. Cornell ɗin da ake ta kambamawa, dalilin shahararsa rabi aikin injiniya ne. Betty Cantor-Jackson ce ta naɗe shi daga tebur, da hannunta ta daidaita komai. Faya-fayanta suka fito kasuwa a 1986 da aka yi gwanjon kayan da ta ajiye a sito, daga nan kwafi mai tsabta ya bazu. Da a ce daren nan da 'yar rikoda a aljihu aka naɗe shi, wallahi da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka bai sa shi a kundin adana sauti na ƙasa ba. Akwai masoyansu da yawa da ke cewa daren da ya biyo baya a Buffalo bai gaza shi ba.

Kawu Lawal:
Ni ma ina cikinsu. Amma ka lura, yanzu kai ma dare da dare kake kwatantawa. Ka shigo gidanmu ke nan.

Sadiq Zoo Road:
Leƙowa na yi, ban shigo ba.

Abin da ya burge ni a harkar filinsu gaskiya shi ne katangar lasifikar 1974. Lasifika kusan 600 aka jera a bayansu, mai haɗa musu sauti Owsley Stanley ne ya kawo tunanin. Tunda lasifikar na bayan mawaƙi, dole makirufo ya kwashi sautinta ya yi ƙara. Sai suka ɗaura makirufo biyu, ɗaya bisa ɗaya, aka juya wayar ɗayan. Mawaƙi ya manna baki a na sama. Duk sautin da ya shiga biyun daidai wa daida sai ya kashe kansa, muryar da ta shiga ɗaya kaɗai ta wuce. Dabara ce ta gaske. Sai dai muryar kan fito siririya kamar ta hanci, ku saurari kaset ɗin shekarar za ku ji. Kuma nauyin kayan da kuɗin ɗaukarsu na cikin abin da ya sa suka dakatar da yawo a ƙarshen shekarar.

Anti Ladi:
Wannan yaro in aka zo maganar waya da lasifika sai ya manta da wa yake faɗa.

Nura Samaru:
Akwai misali biyu da nake ganin sun fi kowanne nuna matsalar. A 1977 kamfanin Arista ya sa su aiki da furodusa na waje, Keith Olsen, a faifan Terrapin Station. Ya matsa musu atisaye har kiɗansu ya tsaya cak, sannan ya je Ingila ya ɗora wa babbar waƙar gungun masu goge da ƙaho da 'yan amshi, abin da wasu cikinsu suka yi ta ƙorafi a kai. To amma wasannin bazarar 1977, har da Cornell, bayan wannan horon aka yi su. Masoya da yawa na ganin daga nan tsabtar kiɗan shekarar ta fito. Ka ga sitidiyon da ake zagi shi ya gyara filin.

Na biyun In the Dark ne, 1987, bayan Garcia ya farfaɗo daga doguwar sumar ciwon suga da ya yi a 1986. A nan sai suka juya abin: suka kafa kayansu a kan dandamalin wani zauren taro a San Rafael, babu ɗan kallo ko ɗaya, suka buga tare kamar wasa ake, aka naɗa. Waƙoƙin ma sun daɗe suna buga su, Touch of Grey tun 1982 take a fili. Ita ce ta kai lamba 9 a jadawalin Billboard, kuma ita kaɗai ce tasu da ta taɓa shiga 40 na sama.

Kawu Lawal:
Kuma ita ta jawo mana cunkoso. Daga nan filayen ƙwallo suka zama dole, dubban mutane na zuwa ba tikiti, sai zaman wurin ajiye motoci. A 1995 a filin wasa na Deer Creek har shinge aka karya, aka soke wasan washegari. Ba na jin daɗin tuna shekarun ƙarshen nan. Garcia ba lafiya, ga abin da yake sha, har allon karanta baituka aka sa masa a gaba.

Ummi KD:
To ni da wanne zan fara? Kowa ya ja ni gefensa.

Sadiq Zoo Road:
American Beauty. Minti 40 da ɗoriya, ba ɓata lokaci. Ki san waƙoƙin tukuna.

Kawu Lawal:
A wannan kam na bi bayansa. In ba ki san yadda waƙa take a zaune ba, ba za ki gane lokacin da suka tashe ta ba. Daga nan ki ɗauki kashi na biyu na Cornell. In kin iso wurin da masu ganga suka rage su kaɗai a wasannin shekarun da suka biyo baya, kada ki tsallake, Mickey Hart, ɗaya daga masu gangar, ya yi zama da makaɗan Afirka, Babatunde Olatunji da Sikiru Adepoju duk sun yi aiki da shi.

Garba Mai Zaure:
Jama'a an kai saƙo wajen ɗari tun la'asar. Shawara: daren Asabar a saurari wasa ɗaya tare, kowa a inda yake, a dawo a tattauna. Amma don a raba gardama, ba Kawu zai zaɓa ba. Ummi ta rufe ido ta faɗi shekara da wata, duk wasan da ya faɗo shi ke nan.

Sadiq Zoo Road:
Na amince ɗari bisa ɗari. Abin da nake nema ke nan tun ɗazu.

Kawu Lawal:
Ni ma na amince. Sai dai a cire 1995. Da 1994. In da hali a tsaya tsakanin 1969 da 1977.

Sadiq Zoo Road:
Kawu! Shekara 18 ka zubar a ƙasan kwando.

Kawu Lawal:
To a ƙara 1989 da farkon 1990, lokacin mai fiyano Brent Mydland na nan. Iyakar abin da zan iya ke nan, ɗana.

Ummi KD:
Ni dai na riga na rufe ido. Maris, 1986.